Hannayen da Suka Sauya wa Iyali Biyu Launi

A daren 8 ga Maris na 2006, tashar talabijin ta FX a Amurka ta fara nuna wani shiri mai kashi shida da aka sa wa suna Black. White., wato baƙi da fari. An ɗauko iyali biyu, kowanne mutum uku. Na farko baƙaƙen fata ne daga Atlanta, miji da mata da ɗansu matashi. Na biyu Turawa ne daga Santa Monica, namiji da mace da 'yar budurwa. Aka haɗa su gida ɗaya a unguwar Tarzana, cikin kwarin San Fernando na birnin Los Angeles, har mako shida. Da safe a mai da baƙaƙen farare, a mai da fararen baƙaƙe, su shiga gari neman aiki ko sayayya ko zuwa coci, kyamara na biye da su, wani lokaci a ɓoye. Da dare su dawo a wanke su, su zauna kowa ya faɗi abin da idonsa ya gane masa. Mawaƙi kuma ɗan fim Ice Cube da mai shirya finafinan gaskiya R. J. Cutler na cikin waɗanda suka tsaya wa shirin.

An sha muhawara a kansa, wasu na yabo, wasu na cewa wasa aka yi da babban ciwo. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutanen da ba a cika nuna fuskarsu ba, masu kwalliya, su Keith VanderLaan da Brian Sipe da abokan aikinsu, waɗanda aikin nan ya jawo musu lambar yabo ta Emmy a wannan shekarar. Duk ranar da za a fita, kowane mutum sai ya shafe awa uku zuwa biyar a kujerarsu. Me ake yi wa fuskar mutum har na tsawon wannan lokaci?

Sai an fara gane inda wuyar take. A fim, mai kwalliya na da mataimaka da yawa da mai kallo bai san da su ba. Mai haske zai kau da fitila daga inda fenti ya yi kauri, mai kyamara zai zaɓi gefen da ya fi kyau, in kuma abu ya ɓaci a tsayar a gyara a sake ɗauka. VanderLaan ya san wannan duniyar ciki da bai, don har an sa sunansa cikin masu neman Oscar saboda aikinsa a fim ɗin The Passion of the Christ na 2004. A wannan shirin kuwa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan taimakon. Alƙalin aikin shi ne mai shago da ke tsaye kamu biyu daga fuskarka, da rana tsaka, kana gumi, kana miƙa masa kuɗi da hannunka. Idan ya ɗan yamutsa fuska ya sake dubanka, gwajin ya rushe, domin daga nan ba launin fata yake mayar wa martani ba, mamakin fenti yake yi.

Aikin yana farawa ne kafin a buɗe kwalba ko ɗaya, da kallo. Mai kwalliya zai zaunar da mutum kusa da taga, ya juya fuskarsa dama da hagu, ya duba bayan kunne, ƙasan haɓa, gefen hanci, fatar ido, tafin hannu. Zai tara hotunan mutane masu irin ƙashin fuskarsa amma masu launin da ake son a kai shi. Abin da yake nema shi ne amsar tambaya ɗaya: da Allah ya halicci wannan mutumin da waccan fatar, yaya zai kasance? Duk wanda ya yi wannan kallon da gaske, abu na farko da zai gano shi ne babu fatar da take baƙa, babu kuma wadda take fara. Bahaushe ya daɗe da sanin haka, shi ya sa yake da baƙi wuluk da wankan tarwaɗa da ja da fari, kuma ko a fuska ɗaya goshi ya fi kumatu duhu, kewayen baki ya bambanta da karan hanci.

Dalilin haka yana cikin yadda aka gina fata. Launinta yana fitowa ne daga abubuwa da ke hawa-hawa, ɗaya bisa ɗaya. A sama akwai melanin, sinadarin da wasu ƙwayoyin halitta ke sarrafawa don kare jiki daga zafin rana. Yawan waɗannan ƙwayoyin kusan ɗaya ne a jikin baƙi da Bature. Bambancin yana ga yawan sinadarin da suke fitarwa da yadda yake bazuwa. Shi kansa iri biyu ne, akwai mai ruwan ƙasa zuwa baƙi, akwai mai ja-ja zuwa ɗorawa. A ƙarƙashinsa kuma jini ne ke gudu a ƙananan jijiyoyi, yana turo ja. Haske yakan ɗan shiga cikin fata, ya taɓo waɗannan hawa, sannan ya dawo ido. Wannan shiga da dawowa ita ce muke gani mu ce fuska na da rai. Fenti ɗaya mai kauri yana tare haske a bakin ƙofa, shi ya sa wanda aka laɓta wa shi yake kama da gunki komai dacewar launin.

A nan ne ya kamata a tuna wata tsohuwar al'ada ta Amurka, don ita ce inuwar da ke bin duk mai irin wannan aiki. Tun wajen 1830, Turawa 'yan wasan dandamali, irin su Thomas D. Rice mai wasan Jim Crow, sukan ƙona murfin kwalba na ɓawon itace, su kwaɓa tokar, su shafe fuska baƙi ƙirin, su zana wa kansu ƙaton baki, su hau dandamali suna kwaikwayon baƙar fata don a yi dariya. Minti kaɗan ya ishe su. Ba su taɓa tsayawa sun dubi fuskar baƙin mutum ba, don ba shi suke son nunawa ba, rainin da ke ransu suke zanawa. Sunan wasan Jim Crow ɗin nan ne daga baya aka laƙaba wa dokokin wariya na kudancin ƙasar. Saboda wannan tarihin, baƙaƙen Amurka da yawa ba sa sakin jiki da ganin Bature an shafa masa baƙi, ko da kyakkyawar niyya, kuma suna da hujja. Abin da ya raba awa biyar ɗin nan da minti biyar ɗin can shi ne dogon kallon da aka fara da shi.

Bayan kallo sai haɗa launi. Kayan aikin masu wannan sana'a suna da nasu tarihin. Akwai wani haɗi da ake kira PAX, wanda Dick Smith ya ƙirƙira, mutumin da ya mai da Dustin Hoffman tsoho tukuf a fim ɗin Little Big Man na 1970, ya kuma ci Oscar da Amadeus. Haɗin gam ne na fata da fentin masu zane, yana kama jiki, yana lanƙwasa tare da shi, ba ya tsagewa idan aka yi dariya. Akwai kuma busassun launuka da ke zuwa a faranti, waɗanda ruwa ba ya narkar da su sai alkohol mai ƙarfi. Amfaninsu a bayyane yake: abin da ruwa bai narkar ba, gumi ma ba zai wanke shi da sauƙi ba. Mai kwalliya zai haɗa launi uku, huɗu, biyar, ya gwada a muƙamuƙi, ya fita da mutumin waje ya duba a hasken rana, ya dawo ya ƙara ɗigon ja ko ya rage ɗorawa. Idan ya dace sai ya rubuta ma'aunin ɗigo-ɗigo, ya ɗauki hoto. Gobe da jibi da mako mai zuwa dole fuskar ta fito iri ɗaya, domin wanda aka ɗauka aiki jiya, da wannan fuskar ake jiran sa yau.

Ranar fita, da sassafe ake somawa. A wanke fuska a cire maiƙo, don fenti ba ya zama a kan mai. Namiji ya yi aski tas, saboda tsiron gemu na rabin yini ma yana huda fenti. A kwantar da gashin kai da man da ke daskarewa, a naɗe shi ya lafe, a sa masa siririyar hula. Sannan a ɗauko bindigar feshi, wata 'yar na'ura mai girman alƙalami, da ɗan kofi a samanta inda ake zuba launi, da siririn tiyo da ke kawo iska daga injin matse iska. Yatsa ɗaya ke sarrafa ta: a danna ƙasa iska ta fito, a ja baya launi ya biyo. Ana riƙe ta kamar taƙi ɗaya daga fuska, hannu na zagayawa a hankali, ba ya tsayawa wuri guda ko na ƙiftawar ido, don inda ya tsaya nan tabo zai fito. "Rufe ido. Ɗaga haɓa. Riƙe numfashi." Shafa ta farko siririya ce ƙwarai, har mai kallo zai ce ba a yi komai ba. A busar da ita da iska mai sanyi, a sake wata, a sake wata. Mai gaggawa zai so ya gama da feshi ɗaya mai kauri ya huta. Gwani ya san cewa shafa shida marasa kauri su ne ke barin haske ya shiga ya dawo.

Idan Bature ake mai da baƙi, tarkon shi ne fuska ta fito launi ɗaya, shafe kamar bangon laka. Don kauce wa haka ake fara shimfiɗa launi mai ɗumi a ƙasa, ja-ja ko ruwan lemo, sannan a ɗora ruwan ƙasa a kai, a ƙara duhu a goshi da gefen fuska da kewayen ido, a bar tsakiyar kumatu da ɗan haske. Ana kuma lura da sheƙi. Baƙar fata mai lafiya tana nuna walƙiyar haske a goshi da karan hanci fiye da fara, in kuma aka cika mata hoda sai ta yi furu-furu kamar ƙafar da ta sha hunturu. Saboda haka hodar da ake kashe danƙon fenti da ita sai an kaɗe ta sarai, a bi bayanta da ɗan abin da zai dawo da sheƙin.

Ɗaya hanyar, wato mai da baƙi fari, ta fi wuya, kuma duk mai rini zai gane dalili: farin ƙyalle yana karɓar baba cikin sauƙi, amma wanda ya riga ya sha baba, mai da shi fari aiki ne ja. Don a rufe duhu sai an sa fenti mai rufewa, shi kuwa mai rufewa yana kashe fuska, ya bar ta kamar an shafa alli, wani lokaci ma duhun ƙasan ya turo ta koma toka-toka. Sai a fara da launin da zai kashe wannan tokar, a rufe, sannan a shiga aikin dawo da rai. A nan ne ake yayyafi. A rage ƙarfin iskar bindigar har ta riƙa tofo ƙananan ɗigo, ko a tsoma burushi mai tauri a launi a karce shi da babban yatsa. Ɗigon ja a kumatu da kan hanci da kunnuwa, inda jini ke taruwa a fuskar Bature. Ɗigon ruwan ƙasa a madadin ƙananan tabon da rana ke bari. Ɗan shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin ido da inda gemu ke tsirowa. Da siririn burushi a zana jijiya a gefen goshi da bayan hannu, sannan a fesa wata shafa marar kauri a kai don jijiyar ta koma kamar a ƙarƙashin fata take. Babu mai wucewa a titi da zai ce ya ga waɗannan ɗigon, amma da babu su, kowa zai ji a jikinsa cewa wani abu bai yi daidai ba.

Wuraren da asiri ke tonuwa ƙanana ne, kuma su ke cin lokaci. Tafin hannun baƙin mutum ya fi bayansa haske, da layukan tafin masu ɗan duhu, kuma launin biyu suna haɗuwa ne a gefen yatsu a hankali, ba da layi kamar an ja da ma'auni ba. Gaɓoɓin yatsu da gwiwar hannu sun fi kewayensu duhu. Akwai lungunan kunne, da ƙofar hanci, da bakin fatar ido inda gashin ido ke tsirowa, wurin da ba a kai masa feshi sai ɗan burushi da hannu marar rawa. Akwai leɓe, wanda ke jiƙewa, yana taɓa kofi da cokali, shi ne kullum farkon gogewa. Akwai wuya har ƙasan kwalar riga, don mutum zai sunkuya. Hannu kuwa shi ya fi kowa shan wahala: gaisawa, shiga aljihu, riƙe sitiyari, wanke shi bayan cin abinci.

Gashi sana'a ce mai zaman kanta. Ana naɗe kan mutum da siririyar leda, a bi ta da salatif har ta ɗauki siffar kan, a zana iyakar gashi da alƙalami, a cire ta kamar ƙoƙo. A kan wannan ma'aunin ake shimfiɗa wata raga mai laushi wadda in ta kwanta a fata ba a ganin ta. Mai saƙar zai riƙe allura mai 'yar ƙugiya a baki, ya zura ta a ramin raga, ya kamo silin gashi, ya jawo, ya ƙulla. A bayan kai yakan ƙulla biyu ko uku tare. A gaban goshi kuwa ɗaya-ɗaya, kuma da gangan yake karkata layin, ya bar wasu siraran gashi sun yi gaba, domin Allah bai yi wa kowa iyakar gashi miƙaƙƙiya ba. Kowane ƙulli yana da inda yake fuskanta, don gashi a tsakar ka juyawa yake yi. Hular gashi ɗaya irin wannan tana cin kwanaki ana duƙe a kanta. Ranar sawa, a shafa gam siriri a gefen goshi, a kwantar da ragar, a danna ta da ɗan ƙyalle marar gashi har ta nutse. Gira ma sai an taɓa ta, a sauya mata launi ko a ƙara mata sili. Ido kuma a sa masa ɗan gilashin nan mai laushi da ke kwanciya a kan ƙwayar ido, mai launin da ya dace da sabuwar fuskar.

Idan aiki ya buƙaci a taɓa siffar hanci ko leɓe, akwai hanyarsa. A kwaɓa alginet, garin da ake samu daga ciyawar teku, wanda likitocin haƙori ke ɗaukar siffar baki da shi, a lulluɓe fuska a bar ƙofofin hanci, a ɗora bandeji mai filasta ya ƙanƙame. Cikin 'yan mintoci ya daskare, a cire, a zuba filasta a ciki, sai ga fuskar mutum ta dutse. A kanta ake gina sabon hanci da yumɓu, har da ramukan gumi da ake hudawa da tsinke, a yi masa mazubi, a zuba silikon ko jelatin, a samu ɗan yanki mai gefe siriri kamar fatar albasa. Amma gwanaye suna taka-tsantsan da wannan. Faɗaɗa hanci da kumbura leɓe don a ce an yi baƙin mutum komawa ne ga zanen masu toka. Baƙaƙe suna da hanci iri-iri, kamar yadda duk wanda ya ratsa kasuwa ɗaya a ƙasarmu ya sani. Yawanci launi da gashi da ido sun isa.

Kafin iyalan nan biyu, wani ya bi hanya mafi haɗari. A 1959, marubuci John Howard Griffin ya je New Orleans, likitan fata ya ba shi maganin da ake ba masu ciwon da ke ɗauke launin fata, ya riƙa kwanciya awanni a ƙarƙashin fitila mai hasken da ke ƙona fata, ya ƙara da rini, ya aske kansa ƙwal. Ya yi makonni yana yawo a Louisiana da Mississippi da Alabama da Georgia a matsayin baƙi, abin da ya zama littafin Black Like Me a 1961. Shi da jikinsa ya biya. A 2006 kuwa nauyin ya koma kan hannun masu sana'a, waɗanda za su gina fuska da safe su rushe ta da dare ba tare da sun cutar da fatar da ke ƙasa ba.

Aikin ya ci jarrabawar titi a lokuta da dama. Magidancin nan na Atlanta ya shiga shagon takalma da fuskar Bature, mai shagon ya durƙusa ya sa masa takalmin da hannunsa, abin da ya ce ba a taɓa yi masa ba a rayuwarsa. Ya kuma sami aikin sayar da abin sha a wata mashaya ta unguwar Turawa, inda ya ji ana yabon unguwar saboda ba ta gauraya ba. Budurwar Turawan ta shiga ajin matasa baƙaƙe masu rubuta waƙa suna karantawa a gaban jama'a, suka karɓe ta, har nauyin ɓoyewar ya dame ta ta faɗa musu gaskiya da bakinta. Shi kuwa namijin Turawan ya dage cewa bai ga wariyar da ake faɗa ba, suka yi ta sa-in-sa da takwaransa, su biyu a titi ɗaya, kowa na fassara kallon mutane yadda rayuwarsa ta koya masa. Wannan ba laifin fenti ba ne. Mai kwalliya ya ɗauki alkawarin sauya abin da baƙon ido zai gani, ya kuma cika. Shekaru arba'in da mutum ya yi yana koyon karanta fuskokin mutane ba su cikin abin da bindigar feshi ke kaiwa.

Duk tsawon yinin, wani daga cikin masu kwalliyar yana kusa da 'yar jakarsa: faranti, burushi, kwalbar alkohol, gam, auduga mai tsinke. Kwarin San Fernando wuri ne mai zafi, gumi kuma ba a goge shi, dannawa ake yi a ɗauke. A gyara gefen leɓe, a sake kwantar da ragar da ta ɗaga a bayan kunne, a cike inda kwalar riga ta ci.

Da dare sai a juya aikin. A wanke hannu a fara cire gilashin ido. A jiƙa burushi da mai narkar da gam, a zura shi ƙarƙashin ragar goshi, a ɗaga ta kaɗan-kaɗan, don in aka fizga raga za ta yage, fata ma ta ji ciwo. Fentin da aka yi don ya gagari gumi ba zai bi sabulu ba, sai an shafa mai an bar shi ya jiƙa, a ɗora tawul mai ɗumi, a goge a hankali, a sake. A bi lungun kunne da gefen farce da auduga. A shafa wa fatar man sanyaya ta, don gobe ma za ta sha. Mutanen gida su wuce teburin cin abinci da fuskokinsu na haihuwa. Mai kwalliya kuwa da saura: ya goge gam daga ragar hular ya kafe ta a kan gunkin katako, ya kwance bindigar feshi ya wanke allurarta da alkohol kafin launi ya bushe a ciki, ya duba takardar ma'auninsa, ya haɗa launukan gobe ya jera su, kowace kwalba da sunan mai ita.